Igiyar da Ba Ta Shiga Bokiti Ba

A garin da nake ba ku labari, duk wanda ya mallaki doki ya san Mai Kofato. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana durƙuso a ƙarƙashin dawaki, yana yanke musu kofato, yana buga musu takalmin ƙarfe, yana haƙo ƙusa ko tsakuwar da ta shige musu ƙafa. Bayansa ya ranƙwafa saboda aikin, tafin hannunsa kuwa kamar ɓawon itace. Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya aikinsa. Matsalar ita ce shi ma ya san ya iya, har sanin ya toshe masa kunne. Ba a yi masa gyara. In ka ce masa ga yadda ake yi yanzu, zai dube ka sama da ƙasa ya tambaye ka shekarunka, daga nan an gama magana.

Kayan aikinsa ba su da yawa: wuƙa biyu, awartaki, magagari, guduma, sai igiyar leɓe. Ita wannan ɗan guntun sanda ne mai madaukin igiya a kai. In doki ya ƙi tsayawa, sai a zura masa madaukin a leɓen sama a murɗa kaɗan, nan take ya natsu. Kowane mai wannan sana'a yana da irinta, amma ta Mai Kofato daban ce. Da hannunsa ya tufka ta, ya yi shekaru yana shafa mata mai har ta yi laushi, ba ta taɓa ƙuje leɓen doki ba. Ba ta zama a jaka tare da ƙarafa, kullum tana aljihun wandonsa na dama. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, takan ce in gobara ta tashi a gidan, ta san igiyar za a fara fitarwa kafin a tuna da ita.

Duk 'ya'yansa sun kama wasu sana'o'i in ban da Auta. Ita ce ta ɗauko son dawaki, ta auri wani mai koyar da hawa, suka buɗe ɗan gida mai barga huɗu a bakin gari. Allah bai ba su haihuwa ba, mijin ya rasu a haɗarin mota. Abu na ƙarshe da ya yi da zumuɗi kafin rasuwarsa shi ne kai tsohuwar goɗiyarsa wajen wani ingarma da ya daɗe yana kwaɗayin irinsa. Goɗiyar ta tsufa, sau biyu tana ɓari, kowa ya ce wahalar banza ce. Sai ga shi ta riƙe cikin. Auta ta yi zaman makoki tana shafa cikin goɗiyar nan, tana jin motsi a ƙarƙashin tafinta. Bayan wata goma da rasuwar mijin aka haifi ɗan duƙushi, ja mai ɗigon fari a goshi, ƙafafu dogaye kamar ba nasa ba. Ran nan aka ji dariyar Auta, wadda aka rabu da ji tun ranar da aka kawo mata labari. Kowa ya san goɗiyar ba za ta sake haihuwa ba, wannan ɗin shi ke nan.

Ɗan duƙushin yana da mako uku a duniya murar dawaki ta shigo garin. A gidan Dogo ta fara. Dogo shi ne ya fi kowa keken doki, dawaki talatin gare shi, kuma abokin Mai Kofato ne tun suna samari. Ya sayo dawaki biyu daga wata kasuwa mai nisa, ya ɗaure su cikin sauran a ranar, ko kwana ɗaya bai ware su ba. Kafin kwana uku barga ta kaure da busasshen tari mai fitowa daga ƙirji. Majina na zuba, jiki ya yi zafi, doki ya sunkuyar da kai ya ƙi ko sansanar dusa.

Likitar dabbobi ta tara masu dawaki a rumfar da ke gaban ofishinsu. Matashiya ce, ba ta da tsawo, ba ta kuma ɗaga murya.

"Wannan cuta ba ta kama mutum," in ji ta, "amma mutum ne ke goya ta ya kai ta gidan maƙwabci. Tana bin hannu, tana bin riga, tana bin bokiti da linzami. Babban doki mai ƙarfi yakan sha wuya ya tashi. Tsoho da ɗan ƙarami su ne ba su cika tashi ba."

Ta shimfiɗa musu dokoki dalla-dalla. Ba dokin da zai fita daga gidansa. Gidan da cutar ta shiga za a ɗaura masa jan ƙyalle a ƙofa. Za a bi gida-gida a yi wa lafiyayyun dawaki allurar rigakafi, amma kada wani ya ɗauka da an yi shi ke nan, sai ta yi wajen mako biyu a jiki kafin ta fara tsare doki, kuma akwai ta biyu a gaba. 'Yan ƙanana ba su isa allura ba, ƙofar gida ita ce rigakafinsu. A kowace ƙofa za a ajiye bokitin ruwan magani. Wanda ya shiga gida mai jan ƙyalle ba zai taka lafiyayyen gida ba sai bayan kwana biyu, ya yi wanka ya sake kaya. Duk abin da ya taɓa doki kuwa, komai ƙanƙantarsa, sai ya yi minti goma cikin bokiti.

Mai Kofato ya yi gyaran murya. "'Yar nan, murar doki ai ba yau aka fara ta ba. Tun ba a haife ki ba muke ganinta. A ba doki ruwan ɗumi, a lulluɓe shi, kwana bakwai ya miƙe. Yanzu guduma ce za ta yi tari, da za a ce in riƙa yi mata wanka?"

Aka kwashe da dariya. Likita ta bari aka gama, sannan ta ce, "Baba, wallahi duk cikin taron nan kai na fi jin tsoro. Kowa a nan gidansa kaɗai yake shiga. Kai kuwa babu bargar da ba ta san ƙafarka ba."

"Ka ji ko, tsoho," in ji Dogo, "ashe kai ne motar haya."

Wannan karon a kansa dariyar ta ƙare. Ya koma gida yana huci, ya ce wa Inna duniya ta zo ƙarshe, tunda ƙwai ya fara koya wa kaza wayo.

Duk da haka, kada in yi masa ƙage, ya bi dokar a fili. Yana tsoma takalminsa a bokiti yana ƙunƙuni. Yana zuba ƙarafansa a ciki yana kallon agogo yana tsaki. Sai dai tun ranar farko ya lura da wani maɗaurin fata da ya fito daga ruwan maganin, ya bushe ya sandare har ya fara tsagewa. Ya shafa aljihunsa na dama. Ya ce a ransa, wannan dai ba za ta shiga ba. Igiya ce fa, ba numfashi take yi ba, kuma ba wanda ya san tana nan balle ya tambaya.

Ranar Talata da safe Dogo ya kira shi. Wani baƙin dokinsa ya fizge takalmi ya tsaga kofato, jini na fita. Gida ne mai jan ƙyalle, amma doka ba ta hana shiga don larura ba, abin da ta hana shi ne a fito daga nan a wuce wani gida. Dokin yana cikin tsananin mura, ga ciwon ƙafa, ya ƙi tsayawa. Mai Kofato ya zaro igiyarsa ya murɗa masa a leɓe, Dogo ya riƙe. Dokin ya yi ta tari a kanta, majina na bin sandan har hannun Dogo. Da aka gama, Mai Kofato ya goge ta a gefen wandonsa, ya mayar aljihu. A ƙofa ya jiƙa ƙarafa minti goma cif, ya tafi gida ya yi wanka, ya sake riga da wando, ya ɗauko igiyar daga tsohon wandon ya sa a sabon.

Bayan azahar wayarsa ta yi ƙara. Auta ce.

"Baba, goɗiyar nan ta ƙi taka ƙafarta ta gaba. Tun hantsi take tsaye a kan uku, ko nono ba ta barin ɗan ya sha sosai. Na kira Likita, ta ce da alama ƙurji ne a cikin kofato, ta ce in nemi wanda zai buɗe, in dai bai shiga gidan cuta ba."

"Gani nan zuwa," in ji shi.

Auta ba ta yi wasa da dokar nan ba ko kaɗan. Tun ranar taron ta sallami masu koyon hawa, ta sa kwaɗo a ƙofa. Mai kawo ciyawa a waje yake saukewa. An yi wa manyan dawakinta allurar farko kwana huɗu da suka wuce, tana jiran ranar da za ta kama jiki kamar mai jiran ruwan sama. Da mahaifinta ya iso, ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, amma ba ta matsa daga bakin ƙofar ba.

"Baba, ka yi haƙuri da tambayar da zan yi maka. Ka shiga wani gidan dawaki yau ko jiya?"

A nan ne fa, jama'a, a nan ne. Kalma ɗaya ta rage. Da ya ce eh, da sai ta ba shi haƙuri ta kira ɗaya mai kofaton da ke garin, wani da ake ce wa Bahago, wanda shi Mai Kofato ne ya koya masa riƙon wuƙa shekaru ashirin da suka wuce. Ya hango Bahago durƙushe a ƙarƙashin goɗiyar surukinsa marigayi, a gidan 'yarsa ta cikinsa, gari ya ɗauka cewa Auta ma ta bar ubanta. Zuciyarsa ta ce ina, ba da shi ba. Ai ya yi wanka. Ai ya sake kaya.

"Ina na je?" in ji shi, yana ɓata fuska. "Kwana uku ina zaune gida ina kallon uwarki. Buɗe mini, dabba na shan wahala kina tsare ni da tambaya."

Ta ji kunya, ta buɗe. Ya tsoma takalmi, ya zuba ƙarafa a bokiti, suka tsaya minti goma suna hira.

Goɗiyar tana tsaye a bargar ƙarshe, gumi ya jiƙa mata wuya, ɗanta yana kewaya ta. Mai Kofato ya ɗaga ƙafar, ya ƙwanƙwasa, ya gano wurin. Amma da ya sa wuƙa sai ta fizge. Ga zafin ciwo, ga ɗanta a gefe, ta ƙi yarda sam. Ya sa hannu a aljihu ya zaro igiyar. Har lokacin da sauran danshi a jikinta, ya ji shi a yatsunsa.

"Baba, wannan ta shiga ruwan kuwa?"

"Tun a gida na wanke ta. Riƙe nan."

Ƙarya ta biyu ba ta yi masa nauyin ta farko ba. Auta ta riƙe sandan da hannu biyu, ya sassaƙe kofaton a hankali har ya kai ga baƙin ɗigon, mugunya ta tsarto. Nan da nan goɗiyar ta sauke ajiyar zuciya, ta dafa ƙafar a ƙasa. Aiki ya yi kyau, ba mai cewa bai yi ba. Auta ta kwance madaukin tana yi wa mahaifinta godiya, igiyar na reto a hannunta. Ɗan duƙushin, da yake komai ya gani sai ya kai baki, ya matso ya kama bakin igiyar yana tsotsa.

"Kai, ɓarawo, ba nono ba ne!" in ji Auta, tana dariya, tana shafa masa hanci.

Mai Kofato ya ga abin da idonsa. Ya fizge igiyar da sauri har Auta ta ɗago ta dube shi. Ya ce kada ya lalata masa ita ne. Washegari kuma ya shiga wasu gidaje biyu lafiyayyu da igiyar nan a aljihu, ya yi aiki da ita, yana gaya wa kansa cewa zancen likitoci yawancinsa tsoratarwa ne.

Ranar Alhamis goɗiyar ta fara tari. Ranar Juma'a ɗan duƙushin ya ƙi shan nono, ya kwanta, jikinsa kamar garwashi. Likita ta zo ta ɗaura jan ƙyalle a ƙofar da aka fi kowace ƙofa tsarewa a garin. Ta tambayi Auta wa ya shigo. Auta ta ce mahaifinta ne kaɗai, shi kuwa kwana uku bai fita ko'ina ba.

Daga nan Auta ta shiga tuhumar kanta. Ko buhun dusar da ta jawo ciki ne ba ta fesa masa magani ba? Ko ranar da ta je sayen gishiri ta goga kafaɗa da wani mai doki? Ko mayafinta ne? Ta ƙone mayafin. Ta yi ta wanke hannu da ruwan magani har fatar ta tsattsage tana jini. Ranar Asabar da hantsi ta kira mahaifinta, tana kuka irin wanda ba a iya tsayarwa.

"Baba, ni ce. Ni na kawo masa. Ban san ta ina ba, amma ni ce, don ba mai taɓa shi sai ni. Abu ɗaya mutumin nan ya bar mini, ɗaya tak, na kasa riƙewa."

Kun san abin da ya ce mata? Cewa ya yi, "Ki yi haƙuri, ƙaddara ce, ba a tsallake ta." Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. Yana jin 'yarsa tana ɗaukar kayan da shi ya ɗaure, ya bar ta da shi, har ya jingina abin ga ƙaddara. Ya ajiye wayar ya zauna a tsakar gida. Inna ta kawo abinci, ya ce ba ya jin yunwa. Ta dube shi da kyau, ta ce, "Malam, ruwa ba ya tsami banza." 

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar Lahadi Likita ta je duba dawakin Dogo, ta ga sabon takalmi a ƙafar baƙin dokin. Ta tambaya yaushe aka buga. Dogo, da bai san an yi wata ƙarya ba, ya ce, "Talata da safe. Tsohon nan ne, hannunsa bai tsufa ba." A ranar kuma aka kira ta daga gidaje biyun nan, su ma tari ya fara.

Ta sami Mai Kofato a ƙofar gidansa. Ta gaishe shi da ladabi, ta ƙi zama.

"Baba, na ga kana jiƙa ƙarafanka, mutane ma sun shaida. Akwai wani abu da kake aiki da shi wanda ba ya cikin jaka?"

Ya buɗe baki zai yi irin faɗan da ya saba, sai ya ji babu komai a ciki. Ya zaro igiyar ya miƙa mata. Ba ta taɓa ta ba, leda ta buɗe ya jefa.

"Ruwan yana busar da ita ne," in ji shi, da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba.

Likita ta ce, "Da ka faɗa mini tun ranar Talata, da na sa ido a kan ɗan nan kafin zazzaɓi ya zo, da na tare abin kafin ya sauka masa ƙirji. Ban ce da ya tsira ba, rai na Allah ne. Amma kwana uku muka rasa, kuma ɗan wata ɗaya ba shi da kwana ukun da zai bayar. Yanzu huhunsa ya kamu." Ta ɗaure bakin ledar. "Ni ba zan gaya mata ba. Amma ka ga hannuwanta kuwa? Kana da damar sauke mata wannan nauyin, ko da ciwon ɗan ya fi ƙarfinka."

Tafiyar da ya saba yi cikin minti ashirin, ran nan ta ɗauke shi kusan awa. Ya tsaya a wajen ƙofa, jan ƙyallen na kaɗawa kusa da fuskarsa, ya yi sallama. Auta ta fito ta tsaya daga ciki, ƙarafan ƙofar a tsakaninsu. Idanunta sun kumbura, ta naɗe hannuwanta biyu da tsumma.

Ya faɗa mata duka. Gidan Dogo, baƙin dokin, igiyar, da dalilin da ya sa ya ce bai je ko'ina ba. Bai rage komai ba, har zancen Bahago. Yana magana yana jiran ta yi ihu, ko ta zage shi, ko ta faɗi. Da ta yi ɗaya daga ciki da ya ji sauƙi.

Ba ta yi ba. Ta dubi hannuwanta, ta daɗe tana dubansu.

"Jiya da na kira ka ina kuka, ka sani?"

"Na sani."

Ta gyaɗa kai. Daga bargar ƙarshe aka ji wani ɗan tari siriri, mai ban tausayi. Ta juya da sauri ta koma ciki, ba ta ce masa ya tafi ba, ba ta ce ya tsaya ba.

Likita ta yi iya ƙoƙarinta. Allura, ƙarin ruwa, nonon uwar da Auta ke tatsa tana ɗura masa da kwalba yana dawowa ta gefen baki. Ranar Litinin da hantsi, kansa a kan cinyar Auta, ɗan duƙushin ya ja numfashi biyu masu nisa, bai ja na uku ba.

Da labari ya iso, Mai Kofato ya ɗauki shebur da diga ya nufi gidan, ko ba komai ya haƙa ramin. Tun daga nesa yake jin haniniyar goɗiyar. Kira take yi, ta yi shiru ta saurara, ta sake kira. Duk wanda ya taɓa jin wannan kukan ba ya son ya sake ji. Auta ta fito da ƙasa a gwiwoyinta da gaban rigarta. Ta riga ta haƙa da kanta, da waɗannan hannuwan. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum.

"Auta," in ji shi, hawaye na bin gemunsa, "ki yafe mini."

"Na yafe maka, Baba. Ubana ne kai, ina zan kai ka?" Ta miƙe tana kakkaɓe zaninta. "Amma a nan wurin na tambaye ka. Har haƙuri na ba ka kafin in tambaya."

Sannan ta ƙara da cewa:

"Ka koma gida, Baba, rana ta yi zafi. Zan je in tatse goɗiyar, nonon ya cika yana yi mata ciwo."

Ya tsaya da shebur a kafaɗa har ta shige.

Saboda gidaje ukun da suka kamu daga baya, sai da aka ƙara wa garin mako uku a kulle. Allura ta biyu ta zagaya, tari ya yi ta raguwa, a ƙarshe aka kwance jajayen ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya. Dawakin Dogo duk sun tashi. Goɗiyar ma ta tashi, sai dai ta rame, ta kuma daɗe tana tsayawa tana kallon kusurwar bargar.

Auta ba ta yanke zumunci ba. Duk mako tana zuwa gaida iyayenta, ta share musu ɗaki, ta zauna a yi hira. Wata rana Mai Kofato ya kwanta rashin lafiya, ta zo dubiya, ta zauna a bakin gadonsa tana yi masa fifita.

"Baba, ka sha maganinka na safe?"

"Na sha," in ji shi. Kuma gaskiya ya faɗa, ya sha.

Ba da gangan ta yi ba, ita kanta ba ta san ta yi ba. Ta ɗan juya ta kalli Inna, sai da Inna ta gyaɗa kai sannan ta ci gaba da fifita. Mai Kofato ya gani. Ya juyar da fuskarsa bango.

To, mai karatu, ga abin da za ka ɗauka. Ƙwarewa ba ta hana mutum zama hanyar ɓarna, kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. In annoba ta shigo, dokar da masana suka kafa ba a bin rabinta a bar rabi, domin abu guda da ka ɓoye a aljihu ya isa ya rushe wahalar gari duka, har da ta wanda ka fi so. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka faɗa da wuri tun ana iya gyarawa, kada ka bar wani ya ɗauki laifinka a kansa. Girman kai ne ya sa Mai Kofato ya ƙi jiƙa igiya, girman kai ya sa ya yi wa 'yarsa ƙarya, shi ne kuma ya kulle masa baki lokacin da magana za ta yi amfani. An yafe masa, amma yafiya daban, yarda daban. Ka tsare gaskiyarka a wurin mutanen da ba sa bincikar maganarka, domin ranar da suka fara bincika, ka yi asarar da ba a mayarwa.